Allurar Wata Tara

Kailani kafinta bai taɓa hana a yi wa 'yarsa allura ba. Gara a faɗi wannan tun da wuri, kada a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba, alhali nasa na kansa ma ya ishe shi kaya. Shi ne fa a majalisarsu ta bakin titi, nan Tudun Wada, in aka ɗauko zancen masu ƙin rigakafi yake fin kowa ɗaga murya. Ya ce jahilci ne, ya ce duhun kai ne, ya kawo abin da ya ji likita ya faɗa a rediyo. Ga fara'a, ga hannu a sana'a, gadon amaryar da ya fito daga shagonsa sai ya shekara goma bai yi ƙara ba. Jana'iza ba ta wuce shi, ɗaurin aure ba ya wuce shi. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Ta kusa kuwa ita ce Atika, matarsa, wadda ke zaune da shi a ciki da falo, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya. Kailani yana dukanta. Ba ya shan komai, ba shi da aljanu, kada ma a wahalar da kai wajen nema masa uzuri. Yau gishiri ya yi yawa a miya, gobe ta daɗe tana ciniki da mai kayan miya, jibi ita kanta ba za ta iya cewa ga dalili ba. In ya gama ya huce, sai ya fita ya dawo da tsire a takarda ya ajiye mata, ya dubi fuskarta kamar yadda yake duban katakon da ya tsage a hannunsa, ya ce, "Kada ki fita haka ki ja min magana." Matan gidan kuwa da sun ji an turo ƙofa an sa sakata, sai kowacce ta ƙara muryar rediyonta. Sau ɗaya Atika ta kai ƙara gida. Innarta ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta ƙulla mata daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta sa aka rako ta.

'Yarsu ɗaya ce, Fiddausi, yarinya mai kumatu da son mutane, wadda ko baƙo ta gani sai ta miƙa masa hannu. Allurorinta na farko duk an yi mata su a kan kari, domin lokacin Atika tana gida wankan jego, da ta dawo kuma Kailani yana ɗokin haihuwar fari, hannunsa ya ɗan kwanta. Saura ta wata tara, ta ƙyanda. Ita ce ta zame wa Atika ƙarfen ƙafa.

Ga yadda abin yake. A ƙaramin asibitin unguwar, ranar Alhamis kaɗai ake yin ta ƙyanda. Ba su da firji mai aiki, sai a ranar da safe ake ɗauko maganin daga inda ake ajiye shi cikin sanyi. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma in an fasa ta ba ta kwana, abin da ya rage zubarwa ake yi. Saboda haka sai a jera mata a kan benci tun hantsi, a jira yara su taru, sannan a buɗe. To wannan jiran shi ne matsalar Atika. Ba wuri ne da mace za ta shiga ta fita kai a sunkuye ba. Zaman rabin yini ne cikin mata a ƙarƙashin kwano, kowacce tana kallon 'yar'uwarta, a tambayi inda kika sayi atamfa, a tambayi abin da ya sami idonki.

Alhamis ta farko idon ne kuwa. Ya kumbura ya yi baƙi, ta ce bari ya sace tukuna. Ta gaba haƙarƙari ne, ko zanin goyo ta ɗaura sai numfashi ya gagare ta. Wata Alhamis ta tashi da fuska lafiya lau, ta yi wanka ta zizara kwalli ta tafi da murnarta, ta zauna har azahar. Yara huɗu kacal suka zo, aka ce ba za a fasa kwalba dominsu ba, a dawo mako mai zuwa. Mako mai zuwa kuwa ya zo ya same ta da leɓe a fashe. Wata ranar ta daure ta je har bakin ƙofa, ta hango ƙanwar Kailani a kan benci da nata ɗan, ta juya kamar wadda ta yi mantuwa a gida. Haka dai, haka dai, har Fiddausi ta fara dafa bango tana miƙewa, tana neman shekara, ba allura.

Sai bazara ta shigo, ƙyanda ta biyo ta. Aka ce ta kwantar da yara a unguwar Gyallesu. Aka ce wata yarinya ta tashi, amma idonta ɗaya bai tashi ba. Aka ce an kai biyu makwanci a layi ɗaya. Atika takan ji waɗannan labarai a bakin rijiya, ta koma ɗaki ta tuɓe wa Fiddausi riga tana duba bayan kunnenta da ƙirjinta. Ko ƙurjin zafi ta gani sai ta ɗauka ita ce. Tsoro take ji, tsoro na gaske, wanda ya fi tsoron Kailani da take ji.

Wata Litinin da hantsi, tana wanke-wanke a cikin ɗaki don kada ta fito tsakar gida, ta ji sallama da muryar da ta sani. Sista Judith ce, mai allurar asibitin, 'yar Wusasa, doguwar mace mai jiki wadda in ta yi dariya har bakin titi ake ji. Ta shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yan Tudun Wada allura, wasu ma ta yi musu ta yi wa 'ya'yansu. Saboda cutar da ta ɓarke ne ta fito da kanta tana bin gidajen waɗanda ba su dawo ba.

"Ina Maman Fiddausi? Ko an koma amarci ne ba a fitowa?"

Atika ta duba hagu ta duba dama. Kuncinta a kumbure yake tun ranar Asabar, shatin yatsu kwance a kai. Ta lalubo niƙabin da ta saya tun tana Islamiyya, wanda ta manta rabonta da shi, ta ɗaura, ta zumbula hijabi har ƙasa. Ta tsaya a bayan labule ta ɗaga shi kaɗan, suka gaisa.

Sista Judith ta dube ta sama da ƙasa, dariyarta ta ragu. "Ikon Allah. Yaushe aka fara?"

"Kwanan nan."

"To, Allah ya ba da lada. Ni dai 'yata na zo nema. Kin san abin da ke yawo a gari, Maman Fiddausi. Alhamis ɗin nan ki kawo min ita. Ko yara biyu ne zan fasa kwalba, an ba mu izini."

Atika ta auna a ranta. Kumburin nan ba zai sace kafin Alhamis ba, ta san shi ta san irinsa. In ta ce to, ta yi ƙarya. In ta ce a'a, za a tambayi dalili. Ga matan gidan sun yi tsit, kowacce ta kasa kunne tana yi kamar tsintar shinkafa take. Sai ta ɗauko maganar da kowace matar aure ke rufe ƙofa da ita in zance ya ishe ta, wadda ake faɗa wa dillaliya da mai gayyar biki, ba mai ja da ita.

"Sai na tambayi maigidan."

Kaico. Da ta san inda maganar za ta sauka da ta haɗiye abarta. Domin su ma'aikatan allura suna da nasu tsarin, kuma ba tsarin mugunta ba ne. In mace ta ce sai an tambayi maigida, ba a ƙara takura mata, an san ba a hannunta abin yake ba. Sai a kai maganar ga mai unguwa, maza su je su ji da ɗan'uwansu. Da wannan dabara an shawo kan gidaje ba iyaka. Sista Judith ta ga sabon niƙabi, ta ga an daina zuwa, ta ji an ambaci maigida, sai ta ɗauka ta kama bakin zaren.

"Kada ki damu," in ji ta, da murya ƙasa-ƙasa ta tausayi. "Na gane. Ki bar min sauran."

Ta yi sallama ta tafi. Atika kuwa har ajiyar zuciya ta yi, wai ita ta rabu da ƙaya.

Washegari Kailani ya dawo gida da azahar, lokacin da ba ya dawowa. Bai yi sallama ba. Ya shigo ya mai da ƙofa ya sa sakata, ya cire hula ya rataye a ƙusa, a natse, ya zauna a bakin gado. A bakinsa ta ji abin da ya faru, don sai da ya ba ta labarin tas, kamar malami yana biya wa ɗalibi karatu.

Mai unguwa Isiyaku ne ya je shago, da na'ibin liman, da wani dattijo na kwamitin lafiya. Ba su ko ja shi gefe ba. Suka same shi yana nuna wa wata Hajiya da 'yan rakiyarta gadon 'yarta, 'yan majalisa suna zaune a benci, suka yi sallama suka buɗe nasiha. Wai Malam Kailani a ji tsoron Allah, 'ya'ya amana ne. Wai neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, na'ibi har da jawo hujja. Wai in wasu ne suka hure masa kunne, ya zo a zauna a warware masa. Shi, Kailani, shi ake karanta wa amfanin rigakafi a gaban shagonsa. Ya rantse bai san zancen ba, mai unguwa ya yi murmushin manya ya ce ai ba komai, kowa haka yake cewa da farko. Wani ɗan majalisa da ya sha kaye a hannunsa a gardama ya ce, "Ashe dai wanzami ba ya son jarfa." Aka kwashe da dariya, har Hajiyar ta rufe baki da mayafi.

"Ni na hana ki?" in ji Kailani.

"A'a."

"Na taɓa cewa kada ki kai ta?"

"Ba ka taɓa ba."

"To me ya hana ki?"

Tambayar ke nan da ba wanda ya taɓa yi mata, kuma sai ta fito daga bakin mutum ɗaya da ba za a iya ba shi amsarta ba. Ta dube shi, ta sunkuyar da kai. Ya miƙe ya kunna rediyo da kansa.

Ba sai an faɗi abin da ya biyo baya ba. Fiddausi ta yi kuka a kan katifa har muryarta ta dushe. Da ya fita ranar bai dawo da tsire ba.

Laraba da safe ya yi wanka ya sa shaddarsa ta Juma'a, ya ce ta shirya masa yarinyar. Da kansa zai kai ta, ya biya ta ƙofar mai unguwa, ya biya ta majalisa, duk mai ido ya gani. Atika ta sa mata riga da hannu ɗaya, don na hagun ba ya ɗaguwa. Ta san yau ba ranar ba ce. Ta tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mata ta ce, "Baban Fiddausi, ai ta ƙyanda sai..."

"Na tambaye ki?"

Ta miƙa masa ita. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa ya fita, yana amsa gaisuwar mutane da fara'a tun daga zaure.

Laraba ranar awon ciki ce. Mutum ya sha shadda, ya ratsa unguwa da jaririya a kafaɗa, ya faɗa ɗaki cike da mata masu ciki, shi kaɗai namiji. Sista Judith ba ta nan, ta fita bin gidaje. Wata ƙaramar ma'aikaciya, ko ɗagowa ba ta yi sosai ba, ta ce, "Malam, ta ƙyanda sai gobe. Ai matarka ta sani." Matan suka riƙa ƙunshe dariya a cikin hijabi. Haka ya juyo ta hanyar da ya bi, ta gaban majalisar, ta gaban ƙofar mai unguwa, ana tambayarsa ko an yi.

Da ya dawo bai shiga ɗaki ba. Ya dire yarinyar a bakin ƙofa, ya tsaya a tsakar gida inda kowa zai ji.

"Atika, fito ki ji. Ku ma ku zama shaida. An mai da ni jahili a unguwa, an mai da ni abin dariya a gaban mata. Sun ce na hana, to yanzu na hana. Duk ranar da kika taka ƙofar asibitin nan da 'yata, a bakin aurenki."

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ba sai an rubuta takarda ba, ƙafarta ce za ta sake ta. Kuma Kailani yana iya janye duk abin da ya faɗa a ɗaki, amma ban da wanda ya faɗa a gaban mutane. To ga shi nan, garin neman gira an rasa ido. An fita neman mai ƙin allura a gidan da babu shi, an ƙera shi da hannu an bar wa Atika.

Da la'asar ɗin ranar, Rauda mai ɗakin ƙarshe ta fito da 'yarta a kafaɗa tana neman wanda zai duba mata ita. Yarinyar ta kwana biyu da zazzaɓi da tari, an ɗauka mura ce. Yanzu idanunta sun yi jawur suna ruwa, ƙananan ƙuraje sun feso a bayan kunne sun gangaro wuya. Wata tsohuwa da ke gidan ta ɗaga rigar ta duba, ta ce, "Ita ce. A shigar da ita ɗaki." Atika tana kallo ta gefen labule. Yarinyar nan da Fiddausi tabarma ɗaya suke rarrafe, kofi ɗaya suke sha. Ko shekaranjiya ta gan su suna ƙwace cokali daga bakin juna.

Gari ya waye Alhamis. Kailani ya karya ya fita, bai ce mata ci kanki ba. Atika ta zauna a ƙasa ta jingina da gado, yarinyar tana wasa da murfin kwano a gabanta.

Kada a ɗauka son Kailani ke riƙe da ita. Wannan ya daɗe da mutuwa, ita ta san ranar da ta binne shi. Abin da take gani shi ne fuskar Babanta in ta shiga gida da ƙullin kaya, da ɗakin Innarta da ƙanne suka cika, da bakin mutane. Za a ce ta kashe aurenta a kan allura. In ta faɗi sauran, wa zai yarda? Mutumin kirki kamar Kailani? Ta ce a ranta wataƙila yarinyar ba za ta kamu ba, ai ba kowane yaro ke kamuwa ba. Ta ce wataƙila nan da mako biyu ya huce, ya nemi malami ya samo masa mafita. Ta ce Allah shi ke tsarewa, ba kwalba ba. Duk ta faɗa wa kanta, kuma ko ɗaya bai zauna mata ba.

Sai tarin 'yar Rauda ya ratso bango, busasshe, kamar ana kankare tukunya. Fiddausi ta ɗago kai ta saurara. Ta kwaikwayi tarin, ta dubi uwarta ta yi dariya, 'yan haƙoranta a waje.

Atika ta tashi.

Goyon ne ya fi ba ta wuya. Ta zaunar da yarinyar a bakin gado, ta durƙusa ta ba ta baya, ta jawo ta da hannun dama, ta kama bakin zani da haƙori ta ɗaure. Zufa ta karyo mata kafin ta gama. Ba ta ɗauki komai ba sai katin allurar da zani ɗaya a leda. Ta ɗaura niƙabi ta fito. Matan gidan suna tsakar gida, ba wadda ta ce ina za ki, ba wadda ta ce kada ki je. Tsohuwar ce kaɗai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Atika, kin dai ji abin da ya ce."

"Na ji, Iya."

Ta bi ta lungu don kada ta gifta ta gaban shago. Asibitin ba nisa, amma sai da ta tsaya ta huta a jikin wata katanga, don kowane taku yana amsawa a kafaɗarta. A bakin ƙofar ta sake tsayawa. Dakali ne na siminti, gefensa ya ɓare, ta sha taka shi ba ta ko lura ba. Wani mai keke ya rage gudu ya ce, "Hajiya, tafiya ce?" Ta girgiza kai. Ta yi bisimilla ta ɗaga ƙafa ta taka. Ba abin da ya faru, ba wanda ya ko waiwayo. Aure ya mutu, mai awara a gefen ƙofa tana ta juya awararta a mai.

Ciki maƙil yake da mata, tsoron ƙyanda ya koro kowa. Yau babu jira, kwalba a buɗe take, layi yana tafiya. Da aka zo kanta, Sista Judith ta ɗago ta gan ta, fuskarta ta washe.

"Maman Fiddausi. Kin gani ko? Na ce miki ki bar min. Ai maza sai maza. An ce jiya ma da kansa ya zo, Allah sarki, har na ji haushi ba na nan. Mutumin kirki ne, hure masa kunne aka yi. Sauko min da ita. Kai, wannan kumatu, me ake ba ki ne?"

Atika ta kwance goyon da ƙyar, ta zauna ta ɗora yarinyar a cinya.

"Riƙe min hannunta da kyau. Ba haka ba, zagayo da na hagun."

Sista Judith ta kama hannun ta ɗaga don ta gyara mata. Wani sauti ya kuɓuce wa Atika ta cikin niƙabi, ba kuka ba, ba magana ba. Sista ta saki hannun ta dube ta. Amma allura tana hannu, sai ta dafe damtsen yarinyar da kanta, ta goge, ta soka, ta zare. Fiddausi ta yi ɗif na ɗan lokaci don mamaki, sannan ta callara kuka.

Shi ke nan fa. Abin da aka yi wata da watanni ana fama a kansa, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba.

"Ba ta nono," in ji Sista Judith.

Atika ta ɗage hijabi ta sa yarinyar a ƙirji. Niƙabin ya jiƙe da zufa ya manne mata a hanci, numfashi yana yi mata wuya. Ta yi tunani, yanzu kuma asirin wa za ta rufa? Ta kai hannun dama ƙeya ta kwance shi, ta ajiye a kan leda.

Hirar da ake yi a benci ta mutu. Sista Judith ta tsaya da auduga a hannu. Sannan ta miƙa hannu ta ja labulen da ke raba teburinta da sauran ɗakin, ta ce wa ta gaba ta ɗan dakata.

"Yaushe?" in ji ta.

"Wanne daga ciki?"

Sista ta nuna idon da leɓen, ba ta taɓa ba.

"Talata."

"Bayan zuwan mai unguwa."

Atika ta mai da idonta kan yarinyar. Sista Judith ta nemi kujera ta zauna, duk girman jikinta sai ta zama kamar an sace mata iska. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Ni na tura su."

"Na sani, Sista. Ba da mugunta kika yi ba."

"Da ma shi bai hana ba?"

"Da bai hana ba. Jiya ya hana. Ya ce in na zo, a bakin aurena."

"Kuma kika zo."

"Ga ni."

Sista Judith ta yunƙura. "Wallahi ba za a bar wannan ba. Yanzun nan zan koma wurin mai unguwa in..."

"Don girman Allah, Sista, kada ki ƙara zuwa wurin kowa."

Sista ta koma ta zauna. Ta ce hannun nan sai an ɗauki hotonsa, za ta rubuta mata inda za ta je, ta ce akwai mata masu taimakon irin wannan, za ta haɗa ta da su. Atika tana gyaɗa kai, amma hankalinta ba a nan yake ba. Tana kallon ɗan jan tabon da ke damtsen 'yarta.

"Sista, saura wacce?"

"Wacce me?"

"Allurar. Me ya rage mata?"

"Ta ƙyanda ta biyu, in ta cika wata goma sha biyar. Ita ce babbar da ta rage."

"Ba za a haɗa mata yau ba?"

"Ba a haɗawa, sai an ba da tazara. Me ya sa?"

Atika ta gyara wa yarinyar kwanciya. Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa, kamar mai faɗin abin da ta daɗe da gama kuka a kansa.

"Yanzu ba zai karɓe ta ba, tana shan nono. Ran da na yaye ta zai aiko a ɗauke ta, in ma bai matsa a yaye ta da wuri ba. Kuma ya yi magana a gaban mutane a kan asibitin nan. In ta koma hannunsa, ba mai ƙara kawo miki ita."

"Ai shari'a ke ta ba riƙo. Ko ni na san wannan."

"Ta ba ni. Wa zai raka ni in karɓa? Babana cewa zai yi a ba mutum 'yarsa a zauna lafiya." Ta ɗago ta dubi Sista da idonta mai buɗuwa. "Ki duba min da kyau, duk abin da ya rage mata, babba da ƙarami. A yi mata shi tun nono yana riƙe min ita."

Sista Judith ta karɓi katin ta duba. A bayan labule wata mata ta tambaya ko layin ya tsaya ne, ita ta bar tukunya a wuta. Kwalba kuma a buɗe take, ba ta jiran kowa. Sista ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe, ta zuge labulen ta kira ta gaba.

Atika ta matsa can ƙarshen benci ta zauna, fuska a buɗe, mai kallo ya kalla. Fiddausi ta daina kuka tuni. Ta ƙoshi, ta saki nonon, ta juya tana miƙa wa yaron kusa da ita hannu. Atika ta juyo da kan yarinyar a hankali, ta sake mayar mata da nonon baki.